Daɓen Maiƙarfe

Shekara talatin da takwas Maiƙarfe yana zama wuri ɗaya. Kujerar katako ce a bakin ƙofar shagonsa, hannun dama in za ka shiga. Daga nan yake ganin titi, yake ganin ciki. Ba wanda ya taɓa shiga bai gaishe shi ba. Ba rodi ɗaya da ya taɓa fita bai bi ta gabansa ba.

Shagon dogo ne, ga duhu. Rodi jibge a hagu, kwanon rufi jibge a dama, sama kwano, ƙofa ƙarfe. Can ƙurya, tsakanin gwangwanayen fenti da buhunan ƙusa, teburin biya yake, inda 'yarsa Auta take zama tun da mijinta ya rasu.

Bara ya miƙa wa babban ɗansa makullai, don gwiwa ta fara ƙi. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, a bar masa kujerarsa inda take.

"Haba Baba," in ji ɗan, "wa zai taɓa ta?"

Tun ranar yake kiran ɗan Manaja. Ba yabo ba ne, kuma ɗan ya sani.

Manaja ya sayo kwamfuta da na'urar kati, don mutane sun daina yawo da kuɗi a aljihu. Saura intanet. Mutum biyu suka zo talla rana ɗaya. Kamar kowa, a gaban kujerar suka tsaya, don a shagon nan duk wata magana mai nauyi a nan ake yin ta.

Na farko mai waya ne, irin wadda ake ja daga sanda. Ya ce su a ƙasa suke binne tasu, daga sandar da ke bakin titi har cikin shago, har gindin tebur. Ba ruwanta da hadari, ba ruwanta da ƙarfe. Amma sai an jira mako uku, kuma sai an sare daɓen ƙofa an yi mata hanya.

"A sare me?" in ji Maiƙarfe.

"Daɓen nan, Baba. Faɗin tafin hannu kawai. In mun gama mu shafe."

Maiƙarfe ya dubi daɓen. Da hannunsa ya zuba shi, shi da abokinsa Gajere magini, shekarar da aka haifi Auta. Kwana tara suna ba shi ruwa safe da yamma. Manyan motoci sun hau shi da lodin ƙarfe ba adadi, bai tsage ba ko da tsawon ɗan yatsa. Duk layin, na kowa ya farfashe an sake, wani sau uku. In baƙo ya yi shakkar kayansa, daɓen yake nuna masa da sanda.

"Shekararka nawa?" ya tambayi mai waya.

"Talatin da biyu, Baba."

"Ya girme ka. Ka gaishe shi ka wuce."

Na biyu mai akwati ne. Ɗan farin akwati ya fito da shi daga jaka, mai ƙaho biyu, ana sa masa layi kamar wayar hannu. Ba haƙa, ba jira. Ya nemi inda zai jona, aka ja masa wuta daga bango, ya ɗora shi a kan ɗan bencin da Maiƙarfe yake miƙe ƙafa. Fitilu huɗu suka kama, duk kore. Manaja ya kawo na'urar kati ya gwada da katinsa. Kafin ya ɗago kai takarda ta fito.

"Kun gani?" in ji mai akwati. "Walƙiya."

Auta ta leƙo daga ciki. "Yaya, a shigo da shi nan a gwada mana. Ni fa in zan amsa waya sai na fito."

Maiƙarfe ya ji maganar, kuma ya san gaskiya ce. Tasa wayar ma, in ya shiga ciki duba kaya, mutuwa take yi sai ya dawo kujera. Abin ya taɓa masa zuciya. Amma mai waya yana nan tsaye bai tafi ba, yana auna daɓen da ido. In akwati ya gaza, guduma ce za ta biyo baya.

"Ke, koma teburinki," ya ce. "Waya daban, wannan daban. Ba ki ga ƙahoninsa ba?"

Mai akwati ya yi dariya. "Baba ya gane harka."

Auta ta koma. Manaja ya sa hannu a takarda, a kan bencin, aka kai akwatin ƙurya wajen tebur.

Kwana biyu na farko ba kasuwa sosai, abin ya ɗan ja da ƙyar. Rana ta uku magina suka cika shago. Fitila ɗaya ce ke kamawa a ƙurya, ita ma ja. Auta ta sa kati, na'ura ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta ce a sake. Layi ya kai har wajen kwanon rufi. Wani ɗan kwangila da aka riga aka loda masa rodi arba'in ya tsaya rabin awa, ya ce a sauke masa. Aka sauke a gaban Maiƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, motar ta tsallaka titi zuwa shagon da ke kallonsu.

Gajere yana cikin layin, da gwangwanin fenti a hannu. Ya fito yana share gumi.

"Kai, tsohon banza, zamani ka saya ko azaba?"

"Ban saya ba. Manaja ne."

"An ce kai ka zaɓa."

"Wa ya ce?"

"Titi duka. Wai ka hana a taɓa daɓe. To ga daɓe nan, sai ka sa masa kati ya biya ka."

"Gajeren mutum, gajeren tunani. Ajiye mini fentina ka tafi."

Gajere ya ajiye, yana dariya. Maiƙarfe bai yi ba.

Aka kira mai akwati. Ya zo ya ɗauki abinsa a hannu yana zagaya shago da doguwar wayar wuta tana bin sa a baya. Ya ɗaga sama, ya sauke ƙasa, ya hau kan buhu. Ja. Ya zo tsakiya. Ja. Ya matso ƙofa ta hagu, fitila biyu. Ya tsallako dama, ya tsaya daidai kan Maiƙarfe, huɗu suka kama.

"Ƙarfen nan ne ke shanye sabis," ya ce. "Nan ne kaɗai wurin."

Maiƙarfe bai ɗaga kai ba. Inuwar akwatin tana kan gwiwarsa.

Mai akwati ya ce hanya biyu ce. Ko a kafa akwatin a nan a ja waya zuwa ƙurya, ko a kawo teburin nan. Manaja ya saci kallon ubansa ya ce a ja waya. Aka bi da ita jikin bango da ƙananan ƙusoshi. Kwana huɗu, bakin kwano ya yanke ta. Aka haɗa, aka ɗaga ta sama. Mako bai cika ba wani lebura ya juya rodi mai tsawo ya tsinko ta. Ranar ma an sauke wa mutum biyu kaya.

Da yamma, bayan an ja ƙofa rabi, Manaja ya tsuguna gaban kujerar. Rabon da ya tsuguna haka tun yana neman kuɗin makaranta.

"Baba."

"Ina ji."

"Teburin nan sai ya dawo ƙofa."

"Ga hagu can."

"Ta can ake jan rodi, ka fi ni sani. Kuma fitila biyu ce a can."

"To a sa shi gefena."

"Ba zai shiga ba. Na auna."

"Ka auna." Maiƙarfe ya dube shi. "Yaushe ka auna?"

Manaja ya kawar da kai. Daga nan Maiƙarfe ya gane ba yau aka auna ba.

"Kujerata ke nan. Wa zai taɓa ta, ka ce."

"Ba ni ba ne, Baba. Sabis ne. Kuma ai an kawo mai waya, kai ka kore shi."

Auta tana tsaye bayansu da mayafinta a hannu. Da ta ce ai na faɗa, da ya samu wanda zai yi wa tsawa. Ba ta ba shi wannan ba.

Washegari ya zo ya tarar an gama. Tebur a ƙofa, akwati a manne saman bango, fitilu huɗu kore. Kujerarsa tana ƙurya, an share wurin, har an sa masa fanka. Bencin ƙafarsa ma an kai. Auta ta miƙe da ta gan shi.

"Baba, ina kwana."

"Zauna. Wurinki ne."

Ya wuce ciki. Ya zauna. Warin fenti ya cika masa hanci. Daga nan ba a ganin titi, sai wani tsinken haske tsakanin rodi da kwano, da ƙafafun masu wucewa. Yana jin na'ura tana fitar da takarda, ƙit, ƙit, ba tsayawa. Ciniki ya dawo. Mutum ya shigo, ya nuna kaya, ya biya a ƙofa, ya tafi. Wuni guda mutum uku suka iso ƙurya, dukansu fenti suke nema. Ɗaya ya tambaye shi ko shi ne mai gadi.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a haka.

Ranar da ba a buɗe shago, ya fito da sassafe da guduma da wani guntun rodi da ya wasa bakinsa. Ya ɗaura igiya daga sandar bakin titi zuwa dokin ƙofa, ya ja layi da alli. Ya shimfiɗa buhu ya durƙusa a kan gwiwar da ke ciwo.

Bugu na farko guduma ta dawo masa. Na biyu ma. Daɓen bai san shi ba. Sai a na bakwai ɗan gutsure ya tashi. Ya yi ta yi. Rana ta fito ta hau. Tafin hannunsa ya yi ruwa, ya fashe, ya naɗe shi da tsumma. Masu wucewa suna tsayawa, ba ya amsa gaisuwa. Kafin azahar ya kai ƙofa. Faɗin tafin hannu, miƙe sak, ba karkata.

Wani ya kira Manaja. Ya zo a guje, ya tsaya yana kallon ramin.

"Baba, me ka yi?"

"Kira mai wayarka. Ga hanya. A kai ta ƙurya, a mayar da tebur."

"Baba..."

"Ban nemi ladan aiki ba."

Manaja ya shafa fuska. "Takardar da na sa wa hannu ta shekara biyu ce. Ko mun yi amfani da akwatin ko ba mu yi ba, sai mun biya. Ba za mu ɗauki biyu ba." Ya dubi ƙofar shagon. "Kuma gaskiya teburin ya fi kyau a ƙofa. Ba wanda ke fita da kaya bai biya ba."

"Da ma akwai mai fita?"

"Ban ce ba."

"Shekara talatin da takwas. Ƙusa ɗaya ta taɓa fita?"

"Baba, tashi mu je a wanke hannun nan."

Bai bari an taɓa shi ba. Ya dafa guduma ya miƙe da kansa. Sau biyu ya gwada kafin ya tsaya.

Washegari Gajere aka kira ya toshe ramin. Ya zo da rabin buhun siminti, ya kwaɓa, ya cika, ya shafe. Ko zolaya ɗaya bai yi ba. Da ya gama ya shigo ƙurya yana goge hannu a riga.

"Ba zai kama ba," ya ce. "Sabo ba ya riƙe tsoho. Damina ɗaya, ruwa zai shiga ta gefen."

"Na sani."

"Ni da kai muka zuba shi."

"Na ce na sani."

Gajere ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna kan gwangwanin fenti. Sannan ya ce ya kira wayar Maiƙarfe sau uku a makon nan, ana ce masa a kashe take.

"Ba a kashe take ba."

"To ka riƙa fitowa mana."

"In tsaya ina?"

Gajere ya karkaɗe wandonsa. Ya tashi ya tafi.

Bayan kwana uku, da lokacin rufewa ya yi, Maiƙarfe ya ɗauki sandarsa ya biyo tsakanin rodi da kwano. Yana isa daidai tebur wayar ta farka a aljihunsa. Ta yi ta kaɗawa, saƙo bayan saƙo, na waɗanda suka neme shi tun safe ba su samu ba. Auta ta ɗago.

"Baba, wayarka."

"Ina ji."

Bai ciro ta ba. Ya fita. Sabon simintin ya bushe fari, ya ratsa tsohon daɓen tun daga ƙofa har titi. Motar rodi ɗaya ce ta hau shi ranar. Ya sa bakin sanda ya taɓa gefen. Ya riga ya tsage.