Sunan Ɗan Fari

Marvel ta iso ɗakin yara na asibiti tana sauri, cunkoson Nyanya bai hana ta riga likitoci zuwa ba. Yau Dokta George ya yi mata alkawarin allurarta ta farko a matsayin ɗalibar likitanci.

Nabilah, abokiyar karatunta, ta tare ta ta ɗaura mata agogo mai ƙirga bugun zuciya. Bincikenta ke nan, auna yadda aikin asibiti ke matse ɗalibai.

"Ko fara ba ki yi ba, zuciyarki na gudu kamar ta ɓarawon akuya," in ji Nabilah.

"Murna ce, ba tsoro ba."

A gadon bakin taga wani yaro na barci da zazzaɓi, uwarsa Batulu na masa fifita. Katin da ke rataye a gadon ya ce Nazeer. Marvel ta zuƙo maganin, sai ta tuna abin da aka koya musu: a tambayi suna, kada a faɗa wa mutum ya amsa.

"Mama, yaya sunan shi?"

Batulu ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Yaron nan ne."

"Sunan shi fa?"

Batulu ta ci gaba da fifita.

"Marvel, gadaje na jiranmu," in ji Dokta George da ya iso. "Ga kati nan, ki yi."

Ba a musu da babba a zagayen duba marasa lafiya na safe, Marvel ta san haka. Amma ta mayar da murfin allurar.

"Oga, ba ta faɗa ba."

Nabilah ta matso. "Baiwar Allah, ɗan fari ne?"

Batulu ta rufe fuska da mayafi. Ko likita ne ya tambaya, ba za ta ambaci sunan ɗanta na fari ba.

Matar gadon kusa ta yi dariya. "Ku bar ta da kunyarta. Abdulbasit ne wannan. Nazeer nawa ne, ga shi. Mun yi musayar gado da safe, nata ya fi buƙatar iska."

Dokta George ya ɗauki katin da ke rataye a gadon kusa ya karanta. An rubuta da jan biro cewa jikin Abdulbasit ba ya karɓar wannan maganin. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya sauya katunan da hannunsa.

"Ga Nazeer can," ya ce wa Marvel. "Je ki yi allurarki. Zan riƙe miki hannunsa."