Wuyan Rigar Mamane

"Ibni! Ibni!"

Ihun nan na Larabci, wato ɗana, ɗana, shi ne ya fito da ni daga kicin, ludayi a hannu. Na leƙa ƙasan bene, sai ga Ummu Ziyad, tsohuwar Bafalasɗiniyar da ƙofarta ke kallon tamu, ta cakumi wuyan rigar Mamane ta baya, wani Balarabe kuma ya riƙe shi ta gaba yana jan shi zuwa mota. Mamane mutumin Damagaram ne, da furfurarsa a gemu, raƙuma yake kiwata wa Balaraben nan can cikin sahara. Ƙafarsa ce ta kumbura, ya shigo Riyadh neman magani ba da izini ba, ya sauka wurin mijina Yacouba. Shi ne kafil ɗin nasa, wato ubangidan da ke riƙe da takardunsa, ya biyo sawu har unguwarmu ta Ulaisha.

"Ya hajja, sake shi, ma'aikacina ne!"

"Ɗana ne!" in ji ta. "Ni na haife shi, ni na shayar da shi. Cire hannunka daga jikin ɗana!"

Mamane baƙi wuluk, ita fara sol. Mai shagon kwana ya fara ƙyalƙyala dariya, masu wankin mota suka taya shi. Ni ma, Allah Ya yafe mini, sai da na murmusa. Amma tsohuwar nan ba ta saki ba, ihunta kuma sai ƙara hawa yake, har mata suka fara buɗe tagogi, mutane suka taru da wayoyi a ɗage. Kafil ya fizga da ƙarfi. Wuyan riga ya kece, Ummu Ziyad ta faɗi a gefen matakala da ƙyallen a tafin hannunta. Mutumin ya dubi taron, ya dubi tsohuwar da ke ƙasa, ya shige motarsa ya bar Mamane a tsaye.

Ɗanta, Ustaz Munzir, sai bayan la'asar ya iso. Turarensa ne ya riga shi hawowa bene, kamar kullum. Babba ne a ofishin wani kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu, yana da gidansa mai lambu a arewacin gari, uwarsa kuwa ya ajiye ta a tsohon ɗakin da ya fara zama lokacin da ba shi da komai. Ran Juma'a yakan zo da ledar lemo, ya bar mota a kunne. Shekara da shekaru ina kai wa uwarsa miyar kuka, tana ba ni ganyen inabi naɗaɗɗe da shinkafa, amma sunana bai taɓa zama a kansa ba. Duk baƙar mace a wurinsa Maryam ce.

"Ya Maryam, ki ba su haƙuri a unguwa," ya ce da ni. "Tsufa ne. Hankalinta ya tafi. Kowa ta gani sai ta ce ɗanta ne."

"Delou," na ce.

"Na'am?"

"Sunana Delou."

Ya riga ya juya yana amsa waya.

A asibiti aka ce ƙugu ya karye, zuciyarta kuma ba za ta ɗauki aiki ba. Aka dawo da ita gida. Matar Munzir ta zo sau ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa da gyale a hanci. Jinya ta faɗo kaina, ban kuwa ji nauyinta ba, don ina son tsohuwar nan.

Ina goge mata jiki wata safiya na kai ga hannunta na dama, wanda tun da na san ta a lanƙwashe yake, ba ya miƙewa. Na daɗe ina zaton shanyewar jiki ce.

"Khala," na ce, don haka nake kiranta, wato inna, "tsakani da Allah, kin san Mamane ba ɗanki ba ne?"

Ta dube ni da idanunta garau. "Binti, kin mai da ni mahaukaciya ke ma? Na san ba ni na haife shi ba. Aikina ke nan."

Sai ta ba ni labari, tana yi tana hutawa. A Nablus ta Falasɗinu suke, lokacin boren farko na Falasɗinawa, can ƙarshen shekarun tamanin. Mijinta yana ƙasar Larabawan Golf yana neman abinci, ita ke gida da yara. Sojojin mamaya suka rufe makarantu, matan unguwa suka mai da ɗakunansu azuzuwa. Aka hana fita, suka riƙa miƙa wa juna burodi da madara ta kan katanga, suka shuka kayan miya a bayan gida don kada su sayi na abokan gaba. Su kuma wasu, har da ita, titi ne nasu. Da sun hango sojoji sun damƙe wani matashi, sai su fito a guje da silifas, kowacce ta kama inda hannunta ya kai, suna ihun ibni, ibni. Ba su san sunansa ba, ba su san gidansu ba. Su ja, sojoji su ja, har soja ya gaji da kururuwar mata ya saki.

"A wuya ake kamawa," ta ce, tana nuna mini da hannun hagu. "Hannun riga yana zamewa. Wuya kuwa, ko dai a bar miki shi, ko riga ta yage."

"'Ya'ya nawa kika ƙwato haka?"

"Wa ya ƙirga? Ba mu da lokacin ƙirga."

Ta dubi lanƙwasasshen hannun nata. Sannan ta ce wata rana da hantsi ta ji hayaniya, ta fito kamar yadda ta saba, sai ta ga wanda aka danne a jikin mota Ziyad ne, ɗanta na fari. Ta kama wuyan rigarsa ta yi ihun da ta saba yi. Sojan ya san fuskarta. Ya yi dariya ya ce mata, jiya ma ɗanki ne, shekaranjiya ma ɗanki ne. Ya sa gindin bindiga ya doke hannun har ƙashi ya amsa. Aka tafi da Ziyad, gawarsa ce ta dawo.

"Ranar kaɗai na faɗi gaskiya," ta ce, "ranar ce ba a yarda da ni ba."

Na fita baranda na yi kuka har na ƙoshi.

Abin da ya tsaya mini a rai daga ranar shi ne kada a binne matar nan da sunan tsohuwar da ta haukace ta rungumi baƙo a titi. Unguwa duk haka ake faɗa, don ɗanta ne ya fara faɗa. Ran Juma'a na tare shi a matakala.

"Ustaz, uwarka da hankalinta. Ta gaya mini abin da suka yi a Nablus."

Fuskarsa ta sauya. "Wane Nablus? Ki daina kula surutun tsofaffi. Mahaifina ne ya yi gwagwarmaya, kowa ya sani."

Na san mahaifin, a hoto. Yana rataye a falon Munzir cikin firam mai ruwan zinari, da rawanin nan mai zanen baƙi da fari a wuya, an goge shi tsaf. Na taɓa zuwa gidan taya aikin walima, na ji Munzir ta bayan labule yana ba abokansa labarin jarumtar Abu Ziyad, ana kurɓar gahawa ana jinjina kai. Mutumin da duk tsawon boren yana bayan kantar shago yana auna shinkafa a wata ƙasa! Ban raina neman halal ba, amma na raina ɗan da zai cire wa uwarsa riga ya sa wa hoto.

"Hannunta fa?" na ce. "Shi ma surutu ne?"

Ya matso ya rage murya. "Ke baƙuwa ce, ni ma baƙo ne, kowa iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, yake tattali. Kuma mace tana kururuwa a titi, kanta ba mayafi, wannan abin faɗa a majalisa ne?" Ya kawar da kai. "Ta ƙwato 'ya'yan gari duka, nawa yayan ya tafi. Da ta zauna a gida da ba su san fuskarta ba."

Na ga ciwon da ke ƙarƙashin maganar, ban musa ba. Amma ciwo bai ba shi izinin ce mata mahaukaciya ba, na kuma gaya masa haka da Larabcina na kasuwa. Ya ce, "Khalas, ya Maryam," ya sauka.

Mamane bai koma sahara ba. Wani ɗalibi ɗan Kano ya shiga tsakani ana ta magana da kafil ɗin. Kullum da safe yakan ɗingiso ya tsaya a bakin ƙofarta, ba ya shiga.

"Inna, ya jiki?"

"Ibni, ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

Iyakar hirarsu ke nan. Ran da za ta cika ma haka suka yi. Ya sauka, na ɗaga kanta na ba ta ruwa, ta yi shahada a hankali, ta bi bayan numfashinta. Rana ta fito sosai, mai gas yana buga tukwanensa a layi.

A ɗakin wankan mata na masallaci, mai wankan ta tambaya ina 'yarta ko surukarta. Surukar tana waje a mota, wai ba ta iya ganin gawa. Ni na shiga. Da muka zo naɗe likkafani, hannun dama ya ƙi kwanciya, muka bar shi yadda soja ya bar shi. Mai wankan ta tambayi sunanta don addu'a, na ce Wasfiyya. Ni ma sai a makon nan na sani.

A zaman makoki, ɓangaren mata, surukar ta zauna da kwalin tishu tana cewa, "Miskina, a ƙarshe ba ta gane kowa ba." Ina zuba gahawa na ajiye butar. Na faɗa musu komai, makarantun cikin ɗaki, wuyan riga, sojan da ya yi dariya. Larabcina ya yi ta karyewa, ban damu ba. Wasu suka sunkuyar da kai, surukar ta ce a kawo dabino. Wata tsohuwa a lungu, ita ma 'yar can, ta ɗaga hannu ta dunƙule yatsunta a iska kamar mai kama wuyan riga.

Mata ba sa zuwa maƙabarta a nan, Yacouba ne ya ba ni labarin can. Da aka kai bakin kabari, mai haƙa ya ce, "Ina 'ya'yanta? Su sauka su karɓa." Ustaz Munzir ya dubi ramin, ya dubi farar rigarsa, ya dafa gwiwa ya ce likita ya hana shi. Aka tsaya ana kallon juna. Sai Mamane ya ajiye sandarsa, ya sauka da kumburarriyar ƙafarsa, ya miƙo hannu biyu.

"Wannan kuma wane ne?" mai haƙa ya tambaya.

Yacouba ya ce da ya juya ya dubi Munzir, sai Munzir ya duƙar da kai ƙasa. Mamane ne ya amsa daga cikin ramin: "Ibnaha." Ɗanta.

Da la'asar na same shi zaune a matakalar da ta faɗi, ƙasar kabari a gwiwoyinsa, sanye da rigar nan. Na ce, "Malam Mamane, kawo in ɗinke maka wuyan, ina da zare kalarta."

"Bar shi, Delou," ya ce.

Ya kai hannu bayan wuyansa, ya riƙe wurin da ya yage, ya ci gaba da kallon titi.