Laifin Daɓe Ne

Duk wanda ya san kafintan nan da ake kira Daram ya san abu biyu: hannunsa na da kyau, bakinsa kuma ba ya karɓar gyara. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa, wai teburinsa in ya zauna ya zauna ke nan.

Yana da wani lungu a shagonsa, kusa da taga, inda yake gwada kowane tebur kafin ya fita. Zai ajiye shi nan, ya danna, ya rage wannan ƙafa, ya goge waccan, har sai ya daina motsi. Amma da an kai shi gida sai ya kama rawa. Mai tebur ya dawo da ƙorafi, Daram ya ja shi lungun nan ya nuna masa teburi na gaba da ke jiran fenti.

"Taɓa ka ji. Ya motsa? To maginin da ya yi maka daɓe za ka nema, ba ni ba."

Haka mutane ke komawa suna naɗe kwali suna cusawa ƙarƙashin ƙafa, suna tsine wa magina.

Matarsa ta daɗe tana roƙon teburin cin abinci. Da ƙyar da jiɓin goshi ya yi mata, mai zagaye, da fitila 'yar ƙarama da ya sassaƙa don tsakiyarsa. Ranar farko ɗiyarsu ta dafa gefe, kofin shayi ya tuntsure a cinyar uban.

"Har gidana maginan nan suka biyo ni!" in ji shi.

Matar kuwa, washegari sai ta je shagon da bokiti, wai za ta wanke masa ƙasa. Ta sheƙa ruwa a tsakiya. Su biyu suka tsaya suna kallon ruwan yana gangarawa sannu a hankali, ya je ya taru a lungun gwajin, daidai inda ƙafa ɗaya take sauka.

"Maigida, kududdufi kake aunawa a ciki."

Wallahi abin tausayi. Ya zauna a kan benci, ya ma kasa kallon ruwan. Sunan da ya gina shekara da shekaru ne yake gani yana jiƙewa. Amma mutumin kirki ne in an kure shi. Ya ɗauki zarto ya ce gida-gida zai bi ya gyara, zai kuma fara da tsohon tela, wanda ya fi kowa zuwa da kuka.

Tela ya tarbe shi da murna, ya ja shi har ɗakin yankan yadi. Ga teburin nan, babu kwali ko ɗaya. Daram ya danna, ko gezau.

"Ai maganarka na bi, ɗana," in ji tela. "Sau uku ina sa a fasa daɓen nan. Maginin farko, ƙanin matata ne, har yau ba ma gaisawa. Na ukun ne ya gane, ya lotsa mini nan. Allah ya yi maka albarka da ka faɗa mini gaskiya." Sai ya lura da hannun Daram. "Zarton fa, na mene ne?"

Daram ya mayar da shi bayansa.

"Wucewa nake yi, Baba."