Ɗumin Gidan Injiniya

Duk wanda ya taɓa zama a benen nan mai hawa uku ya san Injiniya, kuma ya san ba injiniya ba ne. Direban bas ne, ya yi shekara talatin yana murza sitiyari kafin ya ajiye aiki. Maƙwabta ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, saboda da zarar sanyi ya kunno kai sai ya tare mutane a matakala yana raba musu dabarun rage kashe kuɗi, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Shi kuwa bawan Allah ya karɓi sunan hannu biyu, a zatonsa girmamawa ce.

Kuma fa yana da abin cika baki. Gidansa na hawa na farko ya fi kowane gida ɗumi a benen, alhali ko hitar ɗumama ɗaki ba shi da ita. Tun da daɗewa ya sayar da ita, wai tana tare masa wuri. A tsakiyar hunturu, lokacin da sauran mutane ke yawo cikin ɗakunansu da bargo a kafaɗa, shi da 'yar shara yake buɗe ƙofa, ƙafa ba takalmi.

"Dabara ce kawai," in ji shi. "Ki cika tsohuwar safa da tsumma ki tura ƙarƙashin ƙofa. Ki liƙe bakin taga da tef. Rana ta fito ki ɗage labule, kafin ta faɗi ki sauke shi. In za ki dafa ruwa, ki rufe tukunya. Sannan ki riƙe wannan: zafi sama yake gudu."

Malamar makarantar da ke hawa na uku ta bi waɗannan dabaru ɗaya bayan ɗaya, har safar mijinta sai da ta ƙare. Ta ce an ɗan samu sauƙi, amma har yanzu haƙoranta na haɗuwa da safe. Injiniya ya girgiza kai ya ce, "To akwai inda kika yi kuskure, Malama. Ba kowa ne ke da hannun abin ba."

Bana kuwa abin ya wuce cika baki. Autarsu ta haihu wata huɗu da suka wuce, ɗan ya zo kafin lokacinsa, ɗan firit da shi, likita ya ce a kiyaye masa sanyi. Ga shi an tura mijinta aiki nesa na wata uku. Sai dai ta yi hunturun a gidan surukanta, inda kowane ɗaki da hitarsa, ko ta yi shi a gidan iyayenta. Injiniya sau biyu kacal ya taɓa ɗaukar jikan nan, kuma tun ranar da ɗan hannun yaron ya damƙe masa babban yatsa ya kasa samun sukuni. Ya ɗauki waya ya kira 'yarsa.

"Auta, wace irin hita kuma? Iskar hita busar da maƙogwaro take yi. Ki kawo mini abokina nan. Kin manta ɗakinki? Ɗakin da kike kwanciya a ƙasa kina aikin makaranta?"

Auta ta yi dariya ta ce ba ta manta ba. Ta ce nan da kwana goma za su zo. Ranar Injiniya bakinsa har kunne, har tsohon gadon jariri ya fito da shi daga saman kabad yana gogewa yana waƙa.

A ƙasan gidansa akwai gidan burodi. Mai Burodi mutum ne ƙato, mai sanyin magana, kullum girarsa fari fat da fulawa. Shekara goma sha tara suna tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Washegari da Injiniya ya sauka sayen burodi, sai ya tarar da shi ya yi tagumi. Kuɗin gas ya tashi, tanda kuma tana shan gas kamar ba gobe.

Injiniya ya gyara tsayuwa. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, sannan ya ɗaga kai ya ga silin ɗin kankare tsirara a saman tandar.

"Haba maƙwabci! Shekara nawa ina faɗa? Zafi sama yake gudu! Ga inda kuɗinka ke bi nan. Ka sayo allunan soso masu kauri, irin waɗanda ba sa kama wuta, mu rufe silin ɗin nan kaf."

Mai Burodi ya dubi silin, ya dubi Injiniya. Daga baya ya ce, "Ka tabbata, Injiniya?"

"In ban tabbata ba zan faɗa?"

Matar Injiniya ma da ta ji labari ta ajiye ludayi ta ce, "Baban yara, da ka ɗan tsaya ka yi tunani..."

"Maman yara, wannan harkar kimiyya ce, ki bar mini."

Ta ce to, ta ɗauki ludayinta.

Kwana biyu ya yi a kan tsani, shi da kansa, yana liƙa alluna yana ba da umarni. Bai bar ko tafin hannu a buɗe ba. Da aka gama ya sauko yana kaɗe hannu, ya ƙi karɓar ko sisi.

Kwana uku bayan haka ya sauko daga gado da safe, ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ya yi tsalle ya koma kamar ya taka ƙanƙara. Ya ce ai bana sanyin ne ya yi yawa. Ya ƙara tef a tagogi, ya cusa safa biyu a ƙofa maimakon ɗaya, ya rataya bargo a bayan labule. Ko gezau. Zuwa rana ta huɗu Injiniya mai 'yar shara ya koma sa rigar sanyi biyu da hula, in ya ji motsin maƙwabta a matakala sai ya fasa fita. Matarsa ta aro ƙaramar hita a wajen ƙanwarta, aka kunna. Ƙaurinsa kawai take gasawa, bayansa na nan a daskare, mitar wuta kuwa ta kama gudu kamar an biyo ta. Ya san in aka bar ta a kunne wata uku, fanshonsa ba zai kai ko'ina ba, kuma ɗakin ba zai yi ɗumin da jariri ke bukata ba.

Sai kuma kyanwarsu ta ɓace. Kyanwar nan tun tana ƙarama wurinta ɗaya ne, tsakiyar ɗakin Auta, nan take miƙewa ta wuni. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan kujera, ya sauka matakala yana kiranta. Ya leƙa gidan burodi don ya tambaya, sai wani zafi ya bugi fuskarsa. Ga Mai Burodi da singileti yana sharce gumi, ga kyanwa ta baje a kan buhun fulawa tana lumshe ido.

"Injiniya! Allah ya saka maka da alheri!" in ji Mai Burodi. "Yanzu rabin gas ɗin da nake ƙonawa ya ishe ni. Ƙullu ma tashi yake yi tun kafin in juya."

Injiniya ya dubi kyanwa. Ya dubi tanda. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi allunan da ya liƙa da hannunsa, ya tuna ɗakin da ke bisansu. Nan take ya gano komai. Bai san lokacin da ya ce "madalla" ya juya ba, ko kyanwar bai ɗauko ba.

Ya tarar da matarsa a kicin tana ɗumama hannu a kan tukunya. Kallo ɗaya ta yi masa ta fashe da dariya, har da riƙe ciki.

"Ka gano ke nan?"

"Kin sani?"

"Shekara goma sha tara ina shanya safarka a ƙasan ɗakin Auta tana bushewa cikin awa ɗaya. Ka ɗauka tef ɗinka ne?"

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Sau uku na faɗa. Ka ce ban san kimiyya ba."

Ya zauna a kan kujera jagwab. Kunya ta rufe shi, kunyar Malama da safar mijinta, kunyar duk wanda ya taɓa tarewa a matakala. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne gadon jaririn da ke jingine a ɗakin Auta, ya goge shi tas, ga ɗakin kamar cikin firji. Kuma da wane baki zai je ya ce wa mutum ya ɓamɓare allunan da ya kashe kuɗinsa a kai, ya koma ƙona gas don wani ya ji ɗumi?

Ana saura kwana biyu su zo, Auta ta kira da rana. Suna cikin gaisawa atishawa ta kufce masa, ɗaya, biyu, uku.

"Baba, mura kake yi? Gidan da sanyi ne? Don Allah ka faɗa mini gaskiya, surukata ma ta gyara mana ɗaki. Ka san yadda ƙirjin yaron nan yake."

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe. Matarsa na tsaye tana kallonsa, wannan karon ba dariya. Ya haɗiye ya ce, "Auta, ba ni awa ɗaya, zan kira ki."

Ya sauka da rigunan sanyinsa biyu da hularsa, bai damu da wanda zai gan shi ba. Ya tsaya a gaban Mai Burodi ya zayyana masa komai, bai rage ba. Ya ce ɗumin da yake taƙama da shi ashe na tanda ne, ya ce shi da hannunsa ya toshe shi, ya ce jikansa na hanya.

Mai Burodi ya saki baki. "Wai da ma ba ka sani ba?"

"Wallahi ban sani ba."

Sai ƙaton nan ya zauna a kan buhu yana dariya, fulawa na tashi, hawaye na wanke masa kunci. Da ƙyar ya iya magana. "Ni fa ranar da ka nuna silin ɗin nan, cewa na yi a raina, kai, wannan mutum akwai zuciya. Zai sadaukar da ɗuminsa don in samu sauƙi. Har gida na je na ba matata labari, ta yi ta sa maka albarka!"

Injiniya ya rasa inda zai sa kansa. Shi ma dariyar ta kama shi, ta dole.

"Wane ɗaki yaron zai kwana?" in ji Mai Burodi yana share ido. "Hau sama ka tsaya daidai inda za a ajiye gadon, ka buga ƙafa."

Haka aka yi. Injiniya ya tsaya a tsakiyar ɗakin Auta yana buga dunduniya, Mai Burodi na bi daga ƙasa da sandar tsintsiya yana ƙwanƙwasa silin, matar Injiniya ta leƙa ta taga tana isar da saƙo da ƙarfi: "Ya ce ka matsa hagu! A'a, hagunsa!" Masu sayen burodi suka tsaya kallon ikon Allah. Malama ma ta leƙo daga hawa na uku, kuma kafin yamma duk benen ya ji labari. Da sanda da dunduniya suka haɗu wuri ɗaya, Mai Burodi ya hau tsani ya ɓamɓare alluna shida, daidai faɗin ɗakin, ya bar sauran.

Injiniya ya ce sai ya biya gas ɗin da za a yi asara. Mai Burodi ya ce kada ya sake ya ƙara wannan maganar. Suka yi ta ja-in-ja, har Mai Burodi ya nuna motar raba burodi da ke waje ya ce direbansa ba ya zuwa ranar Talata da Asabar. Idon Injiniya ya yi haske. Ya yi shekara biyar bai riƙe sitiyari ba, kuma wannan aikin dai babu mai koya masa.

Ya kira Auta ya ce su taho. Washegari da hantsi kyanwa ta hawo da kanta, ta wuce ɗakin ta miƙe a wurinta.

Ranar da suka iso ana sanyi na gasken gaske. Auta ta shigo da yaron a naɗe cikin bargo uku, Malama da wasu maƙwabta suka biyo ta ganin jariri. Ta cire takalmi a ƙofar ɗakinta na da, ta taka ƙasa, ta lumshe ido.

"Kai, Baba! Yana nan yadda na san shi. Gaskiya dabarunka ba su da na biyu."

Malama ta kama kallon silin tana danne murmushi. Babu wanda zai tona shi a gaban 'yarsa, ya san haka, da ya yi shiru da maganar ta wuce. Ya karɓi jikansa, ya warware barguna biyu, ya kwantar da shi a gadon. Sannan ya ɗaga ƙafa ya buga dunduniya sau uku. Ba a jima ba sandar tsintsiya ta amsa daga ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Kin ji mai dabarar nan," ya ce. "Tun kina 'yar shekara shida kike kwanciya a kan tandarsa, ni safa kawai nake cusawa a ƙofa. Ban taɓa ce masa na gode ba sai shekaranjiya. Sauka ki gaida babanki na ƙasa, Auta, ki ce masa mun iso lafiya."

Auta ta dubi mahaifinta, ta dubi mahaifiyarta da ke share ido da gefen mayafi tana dariya. Ta juya ta nufi matakala, ko takalmin ba ta tsaya sawa ba. Yaron kuwa ya miƙe ƙafafu, ya yi hamma, barci ya kwashe shi da babban yatsan kakansa a hannu.