Kulocin da Ƙafarta Za Ta Iya

Tun da kulocin motarsu Golf ya fara zamewa, Muttaƙa ba shi da zance sai na kulocin 'yan tsere. Wai da ka ɗaga ƙafa mota ke cafkewa, babu jan jiki. Ranar da zai kai motar gareji, matarsa Nusaiba ta yafa mayafi, ta saɓa 'yarsu Husna a kafaɗa, ta ce da ita za a je.

Ta san dalilinsa ba na wasa ba ne. Taki yake kaiwa Maradun da ƙauyukan Bakura, hanyar kuwa ta zama abin da ta zama. Kwanan baya ya dawo ya ce ya hango mutane da bindigogi a bakin daji ya juya, motar ta yi ta kuka ba ta gaba. Amma ita ma da nata dalilin. Husna sikila gare ta, ciwon kuma ba ya jiran kowa. Don haka ta koyi tuƙi, kuma duk ranar da Muttaƙa ya bi babbar motar kaya, ita yake bar wa makulli.

A gareji, bayan doguwar gaisuwa, Surajo bakanike ya ajiye farantin kuloci iri biyu a kan buhu.

"Wanga shi na irin na kamfani. Wancan kuwa, Alhaji, zaki ne. Shi na sa wa tawa."

"Malam Surajo, mace na iya taka shi?" in ji Nusaiba.

Ya yi dariya. "Hajiya, ni ma sai na ci tuwo na ƙoshi."

"To ba ni makullin motar taka in gwada."

"Haba Maman Husna, gaban mutane?" Muttaƙa ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ranar da zan kai ta asibiti ma gaban mutane ne, Baban Husna."

Ta miƙa masa yarinyar, ya shiga baya yana tsaki. Da ta taka kulocin sai ta ji kamar dutse aka sa mata a ƙarƙashin ƙafa. Ta ɗaga a hankali yadda ta saba, motar ta yi tari ta mutu. Ta sake tayarwa, ta mutu. Ranar kasuwar Mafara ce, titi cike da baro da babura, wani ɗan acaba har da cewa a ba Hajiya jaki ya fi mata sauƙi.

Ta cije leɓe ta ƙara wuta. Motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta, ta nufi wani dattijo mai tura albasa. Ta danna birki. Kan Husna ya bugi kujera, ta callara ƙara. Dattijon ya tsaya yana salati, albasa na gangarawa cikin kwata.

Nusaiba ta kashe motar, hannunta na kan sitiyari, ba ta waiwaya ba.

"Ka gani. In ciwonta ya tashi, haka za mu tafi."

Muttaƙa na shafa goshin yarinyar. Ya leƙa ta taga wajen Surajo, da ya biyo su da gudu.

"Surajo, sa mana na kamfanin."

"Hanyar Maradun fa, Alhaji?"

"Allah na nan."

Aka sa na kamfanin, suka koma gida.

Washegari da safe ya ɗora buhunan taki a but ɗin motar, ya ce Maradun zai je. Ta raka shi bakin ƙofa da Husna a goye. Motar ta tashi lumui, a sannu, yadda ƙafarta ke so. Ta tsaya tana kallo har ya sha kwana, sannan ta koma ciki ta zauna da waya a hannu, ta kasa hura wuta.