Ranar da Auta Ta Kwashe Shanya

Kafin Auta ta hau jirgi, babu abin da Yayarta ba ta gaya mata ba game da zaman ƙasar waje. Yaya ta riga ta zuwa da shekaru, tana wani gari mai nisa da mijinta da 'ya'yanta, don haka ta naɗa kanta malama a wannan fanni. Ta ce sanyin har ƙashi yake shiga. Ta ce motar bas ba ta jiran kowa, ko da direba ya hango ki kina gudu. Ta ce za ki gaida mutum a matakala ya waiga ya ga da wa kike.

"Wannan ma ba zai dame ki ba," in ji Yaya. "Ke da baƙo zai yi sallama ki shige bayan labule. Ai ƙasar nan don irinku aka yi ta."

Abin da Yaya ta manta shi ne igiyar shanya.

Da ƙyar Auta ta samu ɗaki, a wani tsohon bene kusa da kamfanin da take aikin gwajin ruwan sha. Ɗakin ƙarami ne, gado ɗaya, kujera ɗaya, da taga mai kallon tsakar gida inda 'yan haya ke shanya. Matar da ke kula da gidan, wadda kowa ke kira Uwar Makullai saboda tarin makullan da ke kaɗawa a ƙugunta, ta ba ta ɗakin ne na gwaji.

"Wata ɗaya," ta ce. "In na ga zamanki, ki ci gaba. In ban gani ba, akwai masu jira."

Wata Asabar da rana Auta tana goge taga sai ta ga hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa shanya. Ba ta tsaya tunani ba. A gidansu duk wanda ya fara ganin hadari shi ke kwashe shanyar kowa, in kuwa aka bar kayan maƙwabta suka jiƙe, ranar Inna ba za ta bar kunnen mutum ya huta ba. Ta sauka a guje ta tattaro rigunan aiki shuɗaye da wanduna da tawul, duk na wata nas da ke zaune a hawan da ke saman nata. Can ƙarshen igiya akwai wasu koɗaɗɗun ƙyallaye masu huji-huji. Ta ɗauka tsumman goge-goge ne, ta bar su. Tana shiga ruwa ya kece.

Ta hau sama da kayan a rungume, ta tsaya ƙofar Nas, ta ɗaga hannu. Sai ta ji ana hira da dariya a ciki. Ta sauke hannun. Ta ce a ranta bari baƙin su tafi.

Washegari Nas ba ta nan. Da ta dawo kuma Auta ta ga alamar a gajiye take, bai kamata a dame ta ba. Don ta rage wa kanta nauyin jinkirin, sai ta goge kayan tsaf ta ninke, ta ɗora kan kujerarta. Ita kuma ta koma cin abinci a bakin gado. Kullum in ta dawo aiki sai ta dubi kayan, kayan su dube ta, ta sake bi ta kansu da dutsen guga.

Ana cikin haka Uwar Makullai ta tare ta a matakala.

"An yi sata a gidan nan," ta ce, tana juya makullanta. "Tun da nake ba a taɓa yi ba. Gobe zan zaga ɗakuna duba na'urar ɗumama ɗaki, kuma idona a buɗe yake. Duk wanda na ga kayan Nas a wurinsa, ranar zai kwashe nasa."

Auta ta buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "To."

Tana shiga ɗaki ta kira Yaya. Sai da Yaya ta yi dariya har ta ƙware.

"Auta, Auta. Digirinki bai hana ki zama ɓarauniyar wando ba."

"Yaya, don Allah. Korata za a yi."

"Wa ya aike ki? A nan ko rigar mutum ta faɗi cikin taɓo tsallake ta ake yi."

"Ai ba ki faɗa min ba."

"Na san za ki je ki zama Inna a ƙasar mutane? To ki lallaɓa ki mayar kan igiya ki yi shiru."

"Tagar matar tana kallon igiyar. Kuma na goge su."

"Kin me?"

"Na goge. Har da tawul."

Yaya ta sake fashewa, ta kira mijinta ya zo ya ji. Da ta natsu sai ta ce, "Ƙanwata, babu dabara. Ki ɗauki ƙafarki ki je ki ƙwanƙwasa. Ƙofa ba ta cizo."

Auta ta ɗauki kayan ta hau sama, tana maimaita abin da za ta faɗa. Wannan karon ba ta ba hannunta damar shawara ba. Nas ta buɗe, doguwar mace sanye da wandon aro da ya tsaya mata a ƙwauri. A bayanta kuma, zaune kan kujera da kofin shayi, Uwar Makullai ce.

Duk abin da Auta ta shirya ya gudu.

"Hadari ne ya taso," ta ce.

Nas ta dubi kayan, ta dubi Auta. Ta ɗaga riga ɗaya, ta bi karin guga da yatsa.

"Ruwan Asabar kike nufi? Kika kwashe don kada su jiƙe?"

"Eh. A wurinmu haka ake yi. Na zo kawowa, sai na ji kina da baƙi."

"Rediyo ne, baiwar Allah. Ni kaɗai nake." Nas ta jingina da ƙofa tana dariya. "Kin san yadda marasa lafiya suka yi ta kallon ƙafafuna a wandon nan? Wani tsoho har tambayata ya yi ko tsawo na ƙara."

Uwar Makullai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofinta, ta taso a hankali, makullai na ƙara. Auta ta fara tunanin inda za ta samu kwalayen zuba kaya.

"Kin kwashe shanya saboda ruwa," matar ta ce.

"Eh, ranki ya daɗe."

"To labulayena da ke ƙarshen igiya, me suka yi miki kika bar su?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Labule ne?"

"Saƙar hannun mahaifiyata. Me kika zata?"

Nas ta toshe baki da tawul. Auta ta sunkuyar da kai, don ta ga in ta amsa wannan tambayar ko rabin wata ba za ta cika ba.

Uwar Makullai ta ce, "A gidan nan ba a taɓa kayan wani. Amma tunda hannunki ba ya jin magana, ga sharaɗina. In za ki kwashe, ki kwashe duka, ban da zaɓe. Kuma a ranar za ki ƙwanƙwasa ki miƙa wa kowa nasa. In kin iya, ɗaki naki ne."

Nas ta jawo ta ciki ta zuba mata shayi.

Ba a daɗe ba wani hadarin ya taso. Auta ta fara da labulayen. Ta shigo da shanyar gida guda a rungume, har ba ta ganin gabanta, ta tsaya ƙofar farko, ta wani tsoho mai gyaran agogo da ba ta taɓa jin muryarsa ba. Hannayenta duka a cike suke, don haka da gwiwar hannu ta ƙwanƙwasa.