Lambar da Ke Hannun Hansai

Maharazu yana ɗakin karatu na jami'arsu a Ingila yana kokawa da babi na huɗu na kundin digirinsa na uku sai wayarsa ta kama ruri a kan tebur. Sunan da ya fito shi ne "Direba". Da kansa ya ajiye lambar da wannan suna, don ko a waya ba ya son ganin an rubuta Sumani.

"Malam Maharazu, an kama Hansai," in ji Sumani, yana haki. "Police sun kira ni yanzun nan. Ka taho ofishinsu na unguwar Peckham, ni ma ina hanya."

"Kai suka kira?"

"Ni. Yi sauri dai."

Hansai budurwarsa ce, kuma budurwar Sumani ce, kowa ya san da kowa. Tun ranar farko, a wani gidan tsire da ke Old Kent Road, ta ajiye tsinke ta dube shi ta ce, "Akwai wani, ɗan zangon Kumasi ne, direban bas. Ba zan bar shi ba, kuma ni ba na ɓoye-ɓoye. In za ka iya, bismilla." Ya ce zai iya. Har lacca ya yi mata a kan 'yancin zuciya, da turanci mai tsada, kamar shi ya ƙirƙiro abin. Wata goma sha huɗu ke nan yana iyawa da baki. Talata da Asabar nasa ne, sauran ranakun kuwa ba ya tambaya.

A jirgin ƙasa daga Whitechapel ya kasa zama. Ya tashi ya riƙe ƙarfe, ya koma ya zauna, ya sake tashi. Makon nan garin ba lafiya: a arewacin Ingila ana jifan masallatai ana cinna wa otal ɗin baƙi wuta, a gida Kano kuma an sa dokar hana fita, tun jiya wayar mahaifiyarsa ba ta shiga. Da sassafe aka kawo doguwar mota za a kwashe masu neman mafaka daga wani otal, Hansai da wasu matasa suka zauna a gaban tayarta suka ƙi tashi. Ta gaya masa za ta je. Ya ce ta kula, shi bizarsa ba za ta ɗauki irin wannan ba.

Ya san tsarinsu, ita ta taɓa nuna masa. Duk mai fita zanga-zanga sai ya rubuta lambar waya a hannunsa da baƙin alƙalami mai kauri, saboda in an kama ka wayarka ake fara karɓa, sannan a tambaye ka wa za a sanar. Mutum ɗaya. To, duniya tana ci da wuta ta ko'ina, yarinyar da yake so tana kulle, amma abin da ke cin Maharazu a jirgin nan shi ne wannan mutum ɗayan. Ya ji kunyar kansa, kunyar kuma ba ta rage masa komai ba.

Ya tarar da Sumani a ƙofar ofishin 'yan sanda, da rigar aiki a jikinsa, da leda a hannu: shinkafa da wake a roba uku, ruwa, da rigar sanyin Hansai.

"Na yi magana da solicitor, lauyansu," in ji shi. "Ya ce kafin magariba za a yi release ɗinsu. Ga naka, ci da zafi."

"Na ƙoshi."

"Malam, ka ci. Tsayuwar da tsawo."

Tsayuwar kuwa ta yi tsawo. Maharazu ya auna gaban ginin da ƙafa ya fi sau hamsin. Ya je bakin titi ya dawo, ya buɗe labarai ya rufe, ya kira Kano bai samu ba. Sumani yana zaune a kan dakali yana raba wa iyayen sauran yaran ruwa, yana tsokanar wata tsohuwa 'yar Somaliya har sai da ta yi dariya. Wannan sauƙin kai nasa ne ya fi komai ba Maharazu haushi, don ya rasa inda zai kama mutumin da laifi. Wajen la'asar yunwa ta ci ƙarfinsa, ya buɗe robar ya cinye tas, yana kallon wani gefen.

Ƙarfe bakwai saura aka sako ta. Ta fito da igiyoyin takalminta da 'yan sanda suka cire mata a hannu, mayafinta ya karkace, idonta ya yi ja. Ta rungume Sumani, ta rungume Maharazu, shi kuwa har ya lura da wanda aka fara. Da ta ɗaga hannu tana gyara mayafi sai ya ga lambar, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, gumi ya ɗan cinye ƙarshenta.

Sumani ya ce bari ya tsallaka ya samo mata shayi. Ta zauna a dakalin tana zura igiyar takalmi. Maharazu ya yi niyyar tambayarta ko sun taɓa ta, ko ta ci wani abu. Da ya buɗe baki wata maganar ce ta fito.

"Me ya sa ba tawa kika rubuta ba?"

Ba ta ɗago ba sai da ta gama ɗaure ƙafa ɗaya.

"Razu, yau ɗin nan? Seriously?"

"Ina so in sani."

"Na tsaya da alƙalamin a hannuna ya fi minti biyar," ta ce, muryarta a dishe. "Ku biyu nake so in gani in na fito. Na san in shi aka kira, kafin ya sa takalmi zai kira ka." Ta dube shi, ba da fushi ba, da gajiya. "Da kai aka kira, za ka kira shi?"

Ya nemi ƙaryar da zai yi, ya rasa. Da shi aka kira, da shi kaɗai zai zo, ya tsaya a ƙofar nan ya karɓe ta, Sumani ya ji labari gobe a bakin wani.

Can tsallaken titi Sumani yana jiran motoci su wuce, ya haɗa kofi uku a tafin hannunsa yana lallaɓa su kada su zube.